Arzikin Damagaram da maƙwabtanta

Hausawa na cewa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ma'anar wannan karin magana ita ce, abin da ya samu maƙwabcinka kai ma sai ya taɓa ka. Haka yake tsakanin mutane, haka kuma yake tsakanin garuruwa da ƙasashe. In gari ya yi arziki, arzikin ba ya tsayawa cikin ganuwa. Yakan fita ya sauya ma mutanen kewaye irin noman da suke yi, da sana'arsu, da kuɗin da suke ciniki da su, har da kwanciyar hankalinsu. Wasu su samu, wasu su rasa.

A wannan darasi za mu ga yadda haka ta faru a ƙasar Damagaram cikin ƙarni na 19, wato daga 1801 zuwa 1900. Bayan nan za mu leƙa wata ƙasa mai nisa, Holan, inda irin wannan abu ya faru shekaru ɗari biyu kafin nan.

Gari a mahaɗar hanyoyi

Yara, ku buɗe taswirar ƙasarmu, ku ɗora yatsa bisa Zindar. Arewa da ku akwai Damargu da Abzin da hamada. Gabas akwai Muniyo da Mangari da Barno. Kudu akwai Daura da Kano. Yamma akwai Tasawa da Maraɗi da Katsina. Mai raƙumi da ya fito daga hamada zai je Kano, ta nan hanya ke bi da shi.

An kafa sarautar Damagaram wajen 1731. Da farko ƙaramar sarauta ce, tana kai gaisuwa ga sarkin Barno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimanu ɗan Tintuma ya maido gidan sarauta Zindar.

A 1804 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi. Cikin ƴan shekaru sarautun Katsina da Daura da Kano suka faɗi. Mutane da yawa suka yi gudun hijira zuwa arewa. Sarkin Katsina Ɗan Kasawa ya zauna ƙasar Damagaram kafin ya koma Maraɗi. Zuriyar sarakunan Daura kuma suka zauna Zango da Ɓaure, ƙarƙashin inuwar Damagaram. Mai hijira ba ya barin sana'arsa baya. Masaƙa da marina da majema da maƙera da fatake suka ƙaru a ƙasar, tare da malamai da mayaƙa.

Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarautarsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884. Shi ne ya kewaye Birni da ganuwa wajen 1856. Ya tara bindigogi masu yawa. Maƙeransa na ƙera igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin gari da farar wutar da fatake ke kawowa daga arewa.

Garin ya zama kashi biyu. Birni wurin sarki da fadawa da malamai. Zango kuwa masaukin ayari ne, wurin Abzinawa da Larabawa da fatake. A ƙarshen ƙarnin, babban attajirin Zango shi ne Malam Yaro, wanda ke ciniki har da Tarabulus a bakin tekun Bahar Rum.

Abin da ke shiga da abin da ke fita

Babbar hanyar ayari ta taso daga Tarabulus, ta bi Gadamas da Gat da duwatsun Abzin, ta ratsa Damargu, ta sauka Zindar, sannan ta ƙare Kano. Tsawonta ya wuce kilomita 2000, kuma tafiyar takan ci watanni.

Daga arewa ana kawo yadin Ingila, da takarda, da sukari, da allura, da madubi, da duwatsun ado, da takubba, da bindigogi. Daga kudu ana kai fatun awaki jemammu, da gashin jimina, da hauren giwa, da tufafi rinannu. Ana kai bayi kuma.

Sarki na karɓar haraji ga ayari. Fatoma na samun rabonsa, dillali na samun la'ada. Mai sayar da harawa, da mai tuwo, da mai ɗinkin taiki, da mai saƙar igiya, kowa na samun abin sa wa bakin salati. Amma Zindar ita kaɗai ba ta iya ciyar da wannan kasuwa. Dole ta nemi hatsi da gishiri da raƙuma da tufa daga maƙwabta. Ta nan ne arzikinta ya shiga gidajensu.

Arewa: Damargu da Abzin

A Abzin ruwan sama kaɗan ne, gero bai wadata ba. Dukiyar Abzinawa ita ce raƙuma. Kowace shekara bayan damina, ayarinsu na ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma. Raƙuman kan kai dubbai, wani lokaci su wuce dubu goma. Suna kai gero, su ɗauko dabino da gishiri, kantu na dabbobi da beza na miya. Daga nan su gangaro kudu su yi rani a Damargu da Damagaram da ƙasar Kano. Su sayar da gishiri, su sayi hatsi da tufafi. Raƙumansu na kiwo cikin gonakin da aka girbe, suna bar ma manomi taki.

Abzinawan Kel Ewe su ne manyan masu sufuri a hanyar Tarabulus. Duk lokacin da ciniki ya ƙaru a Zindar da Kano, aikin raƙumansu ma yakan ƙaru.

Damargu, ƙasar da Tanut take a yau, ta zama rumbun wannan hanya. Manoma, Dagirawa da Barebari da Hausawa da bayin Abzinawa, suka yi ta share sababbin gonaki, don sun san gero ba zai rasa mai saye ba. Daga wajen 1870 matan Turai suka shiga yayin sa gashin jimina a huluna. Sai farashin gashin ya hau. Maharba suka bazu cikin daji, wasu mutane kuma suka riƙa kiwon jimina a gida. Larabawa suka zauna garin Jajiduna suna sayen gashi. Ku lura, yara: kwalliyar wata mace a birnin Paris ta ba maharbin Damargu aiki. Da yayin ya yi sanyi kuwa, sai kasuwarsa ta faɗi.

Gabas: Muniyo da Mangari

A gabas, wajen Gure da Maine Sorowa, akwai kwaruruka masu kanwa da gishiri. Da rani mutane kan taru su kwashi kanwa, su tace ƙasa, su dafa ruwanta har ya zama mangul. Jakuna da takarkarai na ɗaukar kayan zuwa kasuwannin Hausa, wasu har Nufe da ƙasar Yarbawa. Kanwa na shiga tuwo da kunu, ana ba dabbobi, ana haɗa ta da taba, ana magani da ita.

Wanda ya riƙe waɗannan kwaruruka ya riƙe haraji mai yawa. Muniyo ma, kamar Damagaram, tana bin Barno. Da Tanimun ya ji ƙarfi sai ya mamaye ta. Sarautun Sosebaki, irin su Mirya da Washa da Dungas, su ma suka koma ƙarƙashin Zindar. Mai haƙar kanwa ya ci gaba da aikinsa, amma harajinsa ya sake hanya. Kukawa, babban birnin Barno, ta ga yaronta na jiya ya fara fin ƙarfinta.

Kudu: Kano

Kano ta fi Zindar girma da arziki nesa ba kusa ba. Tsakaninsu kilomita 240 ne ko kusa da haka. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth ya zauna Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. A Kura, kusa da Kano, ake rina turkuɗi, a buga shi har ya riƙa walƙiya. Shi Abzinawa ke naɗawa. Ashe masaƙin Kano na dogara ga mai raƙumin Abzin, mai raƙumin kuma na dogara ga manomin Damargu, dukansu kuwa suna haɗuwa a Zangon Damagaram. Goron Gwanja ma ta hannun fataken Kano da Katsina yake isowa.

Amma ciniki bai hana yaƙi ba. Dakarun Damagaram sun sha kai hari Gumel da Kazaure da ƙauyukan arewacin Kano. A 1898 Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har Gezawa, kusa da birnin Kano, zamanin Sarkin Kano Alu.

Waɗanda suka biya

Akwai ɓangaren wannan tarihi mai ɗaci, kuma ya kamata ku san shi. Wani kashi babba na arzikin nan daga bauta ya fito. Wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya zauna Zindar a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim. Ya rubuta yadda dakaru suka kai hari kan ƙauyukan kudu, suka komo da mutane a ɗaure, maza da mata da yara. Wasu a sayar ma fataken arewa don a biya bashin dawakai da bindigogi da tufafi. Wasu a zaunar da su gandayen sarki da na manyan fada su yi noma.

Bindiga na kawo bayi, bayi kuma na sayen bindiga. Ƙauyen da ke kusa da mai ƙarfi ya rasa barci. Wasu ƙauyuka suka yi shinge da ganuwa, wasu suka watse. Saboda haka in muka ce Damagaram ta yi arziki, sai mu tambaya: wa ya samu, wa kuma ya biya?

Holan da maƙwabtanta

Kun san atamfar da ake kira ƴar Holan. Ƙasar da ta ba ta suna tana arewa maso yammacin Turai, a bakin teku. Ƙarama ce, jihar Damagaram ta yau ta ninka ta fiye da sau uku. Amma a ƙarni na 17 babu ƙasar da ta kai ta ciniki a Turai duka.

Labarinta ya yi kama da namu. A 1585 sojan Sifen suka ci birnin Antwap da ke kudu da ita. Attajirai da masu sana'a suka gudu zuwa Amstardam da sauran garuruwan Holan, da kuɗinsu da iliminsu. Mutanen Amstardam sun kai wajen dubu 30 a 1570. Bayan shekara ɗari sun kai wajen dubu 200. A 1602 attajirai suka haɗa jari suka kafa babban kamfanin ciniki da ƙasashen Asiya. A 1609 aka buɗe bankin Amstardam. Jirgin ruwa shi ne raƙuminsu. Sun ƙera wani iri mai faɗin ciki, mai ɗaukar kaya da yawa da ma'aikata kaɗan, saboda haka sufurinsu ya fi na kowa araha.

Holan ma ba ta iya ciyar da kanta. Hatsi daga Polan yake zuwa. Katakon gina jirage da gidaje daga Norwe da Jamus. Shanu kuwa koro su ake yi da ƙafa daga Danmak. Talakawan Jamus na zuwa cin rani kowace shekara, su yanki ciyawa, su koma gida da kuɗi. Wasu daga Jamus da Norwe su shiga aikin jirgi. Wani attajiri, Louis de Geer, ya kai jarinsa Suwidin ya kafa maƙerun ƙarfe da igwa. A 1697 Sarkin Rasha da kansa, Bitrus Babba, ya zo Holan koyon sassaƙar jirgi.

Can ma akwai waɗanda suka biya. A Polan, masu manyan gonaki suka ga hatsi na kuɗi, sai suka ƙara ma talakawansu kwanakin aikin dole. Ingila da Faransa kuma suka ji kishi. A 1651 Ingila ta yi doka don ta hana jiragen Holan yi mata dako, aka yi yaƙi uku tsakaninsu daga 1652 zuwa 1674. A 1672 Faransa ta kai ma Holan yaƙi.

Afirka ta fi kowa biya. A 1637 mutanen Holan suka ƙwace gidan kurkukun bayi da ciniki na Elmina, a ƙasar Gana ta yau, daga hannun Fotugal. Jiragensu sun ƙetarar da ƴan Afirka fiye da dubu 500 zuwa bauta a nahiyar Amurka.

Wuri ya haɗa labaran biyu

Kakanninmu da wuri suke ciniki. Wuri kuwa ƙoƙon wata ƴar dabbar teku ce, ba a samun sa ko'ina a ƙasar Hausa. To, daga ina ya zo?

Mafi yawan wurin zamanin da daga tsibiran Maldib ya fito, a tekun Indiya. Jiragen Holan na ɗaukar sa daga tsibirin Silan, wanda ake kira Siri Lanka a yau, su kai Amstardam. Jiragen Ingila su ma na kai nasu Landan. A can masu fataucin bayi ke sayen sa, su kawo bakin tekun Afirka ta Yamma, wurare irin su Wida a ƙasar Benin ta yau. Daga nan ya riƙa hawowa arewa hannu zuwa hannu, ta ƙasar Yarbawa da Nufe. Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Barno ta karɓe shi wajen 1848.

Wuri ya sauƙaƙa ciniki. Da shi mace ke sayen gishirin miya, da shi sarki ke karɓar haraji. Ana zuba dubu 20 cikin buhun tabarma, a kira shi keso. A 1851, a Kano, wuri 2500 ake ba da liyari ɗaya, wato kuɗin azurfa na Turai. Amma daga tsakiyar ƙarnin fataken Jamus da na Faransa suka riƙa jibgo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta zube. A ƙarshen ƙarnin sai an ba da ninki biyu na da kafin a samu liyari ɗaya. Wanda ya ɓoye dukiyarsa cikin keso ya wayi gari rabinta ya tafi, ko da ɓarawo bai shiga gidansa ba.

Ranar da hanya ta juya

Arzikin da ya zo bisa hanya, in hanya ta kauce yakan bi ta. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kazamaju, a Zindar. A watan Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci dakarun Damagaram a Tirmini, suka shiga Birni. A 1903 Ingilishi suka ci Kano. Turawan biyu suka ja iyaka tsakanin Damagaram da Kano, suka raba ƙasar Daura biyu.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. A wannan shekara kuma Italiya ta kai ma Tarabulus yaƙi. Kayan da raƙumi ke kai wa bakin teku cikin watanni, jirgi na kai su cikin kwanaki, kuma da araha. Fatu suka daina bin arewa, suka bi kudu. Larabawa suka ragu a Zango. Abzinawa da yawa suka rasa aikin sufuri, sai ayarin gishiri ya rage musu. Zindar ta zama babban birnin ƙasar Nijar daga 1911, amma a 1926 Turawa suka maida hedkwata Yamai.

Jirgin nan ya kawo ma Kano sabon arziki, wato gyaɗa. Shi ma bai tsaya bakin iyaka ba. Manoman Magarya da Matamai da Kance suka shiga noman gyaɗa, raƙuma da jakuna suka koma dakonta zuwa wuraren awo.

Holan ma ba ta dawwama a gaba ba. Maƙwabta sun koyi dabarunta na jirgi da banki da ciniki. A ƙarni na 18 Ingila ta sha gabanta.

Abin da za mu riƙe

Gari ba ya arziki shi kaɗai. Zindar ta tsaya bisa geron Damargu, da raƙumin Abzin, da kanwar Muniyo, da tufar Kano. Amstardam ta tsaya bisa hatsin Polan, da katakon Norwe, da ƙarfin ƴan cin ranin Jamus. Maƙwabcin mai arziki na samun kasuwa da aiki da sabuwar dabara. Yana iya samun haraji mai nauyi, da yaƙi, da bauta. In ya dogara ga kaya iri ɗaya, kamar gashin jimina, ranar da kasuwa ta juya zai sha wuya.

Har yanzu muna ganin haka. Manomin wake a Magarya da makiyayin Tanut na sauraren farashin Kano da darajar naira. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta, daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, kasuwannin jiharmu sun ji a jikinsu, na Kano da Katsina da Jigawa ma sun ji. Wanda ya san abin da yake sayarwa, da wanda ke saye, da hanyar da kayan ke bi, ya fi sanin yadda zai tsare gidansa.

Kalmomi

Ayari: taron fatake da dabbobinsu masu tafiya tare.
Fatoma: mai saukar da baƙin fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye.
La'ada: rabon dillali cikin ciniki.
Igwa: babbar bindiga mai jefa dunƙulen ƙarfe ko dutse.
Takarkari: sa mai ɗaukar kaya.
Jari: dukiyar da ake juyawa don neman riba.

Tambayoyi

1. Me ya sa zaman Zindar a wurin da take ya taimake ta?
2. Mene ne bambancin Birni da Zango?
3. Me Abzinawa ke kai wa Bilma, me kuma suke ɗaukowa?
4. Su wa suka samu, su wa suka biya cikin arzikin Damagaram?
5. Ku faɗi abu uku da labarin Holan ya yi kama da na Damagaram.
6. Me ya karya darajar wuri?
7. Yaya jirgin ƙasan Kano ya taɓa masu raƙuma?

Aiki

Ku zana taswira, ku sa Tarabulus da Gat da Agadas da Bilma da Zindar da Kano, ku ja hanyoyin ayari. Ranar kasuwa kuma, kowa ya rubuta sunan kaya goma da ya gani, ya tambayi masu sayarwa daga ina kowane ya fito. Ku kawo amsoshin aji mu tattauna.